Mai Kiran Ranar Talata

Ofishinmu yana saman wani gidan burodi ne a unguwar Otahuhu ta birnin Auckland, shi ya sa kullum nake komawa gida ina ƙanshin sukari da man shanu. Ɗaki ɗaya ne, tebura a jere, kowa da wayarsa da abin saƙalawa a kunne. Masu caca ne ke kiranmu, ko matansu, ko 'ya'yansu, kuma duk mutanen tsibirai ne. 'Yan Samoa suna da Leilua, 'yan Tonga suna da ni. A da mu biyu ne, ni da wani dattijo, amma ciwon ƙafa ya mayar da shi gida, aka ce za a kawo wani, shiru kake ji.

A waya sunana Seini. A gida Kalolaine ce, Laine. Kowa da sunan aikinsa, don 'yan Tonga na Auckland in ka tona kaɗan duk dangi ne. Faɗi sunanka na gaskiya da ƙauyenku, kafin ka rufe baki an gano kakarka da mutumin da ta ƙi aure. Har murya nakan canza, in sauke ta ƙasa, irin wadda nake karanta Littafi da ita a coci.

Turawan da suka horar da mu sun koya mana tambayoyi: sau nawa kake yi, nawa kake kashewa, yaushe ka fara. Leilua ta ce in ka yi wa mutuminmu waɗannan tambayoyin da buɗe baki, zai gode maka, ya sa maka albarka, ya kashe waya, kuma ba za ka ƙara jin ɗuriyarsa ba har tashin duniya. Gaskiyarta. Mu zagaye muke yi. A gaisa, a tambayi tsofaffi, a yi zancen ruwan sama, in yana so a yi addu'a. Sannan ka yi shiru ka jira. Yawancinsu ma ba su ne ke caca ba, wai wani abokinsu ne.

A lokacin da nake ba da labari ni ba na jin komai. Mama ta samu shanyewar ɓarin jiki, bakinta ya karkace, magana ta ɗauke. In tashi in wanke ta, in ba ta shayi da cokali, in zo aiki in saurari mutane suna kuka, in koma in sake wanke ta. Mace za ta ce min mijinta ya kai kuɗin haya gidan caca, in ce “Allah sarki, 'yar'uwa,” idona yana kan tantabarun da ke kan rufin shagon da ke tsallaken titi. Ba mugunta ba ce. Abin ne kawai ba ya shiga.

Wata Talata, bayan an ci abincin rana, wayata ta yi ƙara.

“Barka da rana,” na ce da harshenmu. “Seini ce. Mun gode da ka kira.”

Can nesa ina jin motar ɗaga kaya tana ja da baya, tana ɗit-ɗit-ɗit. Sai aka yi gyaran murya.

“Sannu da aiki, baiwar Allah.”

A nan na gane shi. Penisimani yana da haƙorin gaba da ya karye a wasan ragbi tun muna yara, in yana magana iska takan ɗan yi fito ta wurin. Ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Peni.

Dokar aikinmu a fili take: in ka san mai kira, ka danna maɓalli ka miƙa shi ga wani. Na ɗora yatsana a kan maɓallin. To in miƙa wa wa? Leilua tana gefe tana cin burodi, abin da ta iya na harshenmu zagi ne kawai. Layin Turanci kuwa, Turancin Peni na loda kaya ne, ba zai ɗauki abin da ke cikin mutum ba.

Kuma ba na iya cewa “Peni, ni ce.” Tun ranar da ya fara tasawa Baba ya kwashe masa shimfiɗa ya kai gareji, kamar yadda ake yi wa kowane yaro mai 'yar'uwa a al'adarmu. Bai ƙara taka ƙofar ɗakina ba. In muna kallon talabijin aka zo wurin da mace da namiji suka matso kusa, shi zai tashi ya fita. Ba ya wasan baki a gabana, ba ya cire riga, ba ya faɗin abin kunya inda kunnena zai kai. Shekara da shekaru duk maganar da ke tsakaninmu ita ce “Ka ci abinci?” “Na ci.” “Kin ci abinci?” “Na ci.” Ko ba mu ci ba haka muke cewa. In ya san 'yar'uwarsa ce ke sauraro zai kashe wayar nan, kuma ba shi da wata lambar da zai kira.

Na ɗauke yatsana.

“Yaya mutanen gida?” na ce, na ƙara sauke murya.

“Lafiya lau.”

“Tsofaffi fa?”

“Da sauƙi.”

Muka yi zancen ruwan da aka kwana biyu ana yi. Muka yi zancen tsadar gwaza. Na tambaye shi ko yana so mu yi addu'a, ya ce eh, na yi, ya ce amin. Sannan na yi shiru.

“Wani abokina ne,” ya ce.

“To.”

“Akwai wata mashaya kusa da wurin aikinsu. Shi ba ya shan giya, ko kusa. Amma akwai ɗaki a baya, inda injinan caca suke.”

“Yana shiga.”

“Yana shiga.”

Haka muka fara. Duk Talata bayan abincin rana sai ya kira daga cikin motarsa, mu gaisa kamar baƙi, ya ba ni labarin abokinsa. Abokin nan ba ci yake nema ba, in ji shi. In ya ci ma haushi yake ji, don dole ya tashi ya je ya karɓa, mutane suna kallonsa. Abin da yake so kujerar ce. Ɗakin ba taga, ba agogo, ba wanda zai ce masa an yi rasuwa can gida a tsibirin Ha'apai a turo abin da ya sawwaƙa, ba wanda zai ce masa bikin tara wa coci kuɗi ya matso kuma za a kira sunan gidansu a gaban jama'a a faɗi abin da suka bayar. Yana danna abin, fitilu suna juyawa, kansa ya zama fayau.

“In yana zaune a wurin ba ya jin komai, baiwar Allah. Kin gane? Ko kaɗan.”

“Na gane,” na ce. Wannan kam ba ƙarya na yi ba.

Wata rana ya ce in abokin ya fito aljihu wayam, ba ya iya wucewa gida kai tsaye. Sai ya tuƙa zuwa bakin ruwa a unguwar Mangere ya kashe mota ya zauna yana kallo. Nan ba a zagaye, ko a wurinmu. Na tambaye shi ƙarara ko abokin yana tunanin kashe kansa.

“A'a,” ya ce. “Yana da yara. Kallo kawai yake yi.”

“Ka ce masa Seini ta ce in ya sake zuwa wurin, ya kira lambar nan kafin ya kashe mota. Kowace rana ce. Kuma ina jiran labarinsa ranar Talata.”

“Zan gaya masa.”

Na ajiye waya na je na wanke kofin shayina. Leilua ta bi ni da ido.

“Ke, wannan mutumin na Talata, saurayi kika yi ne? Da ya kira sai ki miƙe zaune kamar fasto ya shigo.”

“Ci burodinki.”

“Ina ci. Amma idona biyu, 'yar Tonga.”

Ranar Lahadi, bayan coci, duk muna haɗuwa a gidan Mama. In naɗe lu, ganyen gwaza da naman gwangwani da madarar kwakwa, in dafa rogo, in zuba wa Peni nasa a faranti in ba ɗiyata ta kai masa waje, inda yake zama a kan bokiti kusa da gareji. In na leƙa ta taga sai in ga ƙeyarsa ta fara furfura. In zan wuce in ce “Ka ci abinci?” ya ce “Na ci,” idonsa a ƙasa. Shi ne mai ɗaga Mama. Ni ba na iya ɗaukarta, shi kuwa sai ya sunkuce ta kamar jaririya ya ɗora a keken guragu, don a gyara gado ta kuma ɗan sha iska. Ranakun da nake wurin aiki shi da matarsa ke zuwa su yi.

Sai wata Talata, da muka gama gaisuwa, ya ce:

“Abokin nan ya yi wani abu.”

“Ina ji.”

“Mahaifiyarsu ba ta da lafiya. Kin san inda tsofaffinmu ke ajiye dukiyarsu.”

Na sani. Ƙarƙashin katifa. Tabarmin saƙa da zannuwan ɓawon itace, a shimfiɗe ɗaya kan ɗaya, don nauyin mai kwanciya ya riƙa danne su kada su lanƙwashe. Gadon Mama tsawonsa har sai an taka ƙaramar kujera ake hawa. Da su ake aure, da su ake suna, da su ake binne mutum. Kuma hurumin mata ne, namiji ko taɓawa ba ya yi.

“Da farko ɗaya ya ɗauka, ta sama. Ya kai shagon jingina, ya ce ƙarshen wata zai fanso. Sai ya ƙara. Yana cusa kwalaye a wurin don kada gadon ya yi ƙasa sosai.” Ya numfasa, haƙorin ya yi fito. “Akwai ta can ƙasa. Kie ce, tabarmar nan mai laushi, fara. Mahaifiyar ce ta saƙa ta da hannunta tun tana budurwa.”

Ba sai ya faɗa min ba. Mama ta jiƙa ganyen a ruwan teku a Ha'apai, ta shanya har ya yi fari tas, ta tsaga shi siriri-siriri ta yi ta saƙa har idanunta suka fara ciwo. Laushinta kamar zane. Akwai jajayen gashin tsuntsu a bakinta, da wani wuri a kusurwa da ya ɗan fi duhu, inda ganye ya ƙare mata ta aro na maƙwabciya. Tun muna ƙanana take nuna mana ita tana cewa a ciki za mu naɗe ta. Ta fi faɗa in mun ɓata mata rai.

“Ita ma ya kai?”

“Ya kai.”

“Mahaifiyar ta sani?”

“A kan keke take zaune, baiwar Allah. A gabanta yake ɗaga katifar. Tana kallonsa. Ba ta iya magana.”

Na duba tantabarun. Suna nan inda suke. Na ji bakina yana faɗin abin da aka koya masa: cewa faɗin da ya yi ba ƙaramin abu ba ne, cewa akwai hanyar da mutum zai sa a hana shi shiga ɗakin injinan, cewa ya kira ranar Talata. Muryar Seini ba ta ko girgiza ba.

Da na koma gida na zaunar da Mama a bakin gado don in canza mata riga, sai na ga ƙafafunta suna taɓa ƙasa. Wata da watanni ina zaunar da ita a wurin nan ban lura ba. Na zura hannu ƙarƙashin katifa na ji kwali. Na jawo ɗaya, ga tambarin ɗakin ajiyar kayan da Peni ke aiki a jiki, baro-baro. Na ɗago na dubi Mama, ita ma tana dubana da idon nan ɗaya da ke buɗewa sosai. Hannunta mai lafiya ya kama wuyan hannuna ya matse. Ban san ko cewa take in yi shiru ba, ko in yi wani abu. Na cire kwalayen ɗaya bayan ɗaya na yayyaga, na cusa tsofaffin barguna a madadinsu.

Washegari na ce wa Leilua, “In mutum ya ji abu a waya, kuma abin ya shafi gidansu?”

Ta ajiye burodin, abin da ba ta cika yi ba.

“Abin da aka ji a kujerar nan, a kujerar nan yake kwana. Kin sani. Ba aikinki kaɗai za ki rasa ba, shi ma zai rasa inda yake magana.” Ta tsura min ido. “Ɗan'uwanki ne?”

Na kau da kai.

“Tabɗi,” ta ce. “Allah ya rufa asiri.” Ta gutsuro burodi ta miƙo min, na karɓa na riƙe.

Duk da haka na je. Shagunan da ke karɓar tabarmi jingina ba su da yawa, na same shi a na biyu da na shiga. Tabarmi har rufi, a ninke, kowace da 'yar takarda a maƙale, wurin yana warin ganye da maganin asu. Mai shagon 'yar Tonga ce, mai tabarau a kan hanci, ta san ni na san ta. Na kwatanta mata kie ɗin, da gashin tsuntsun, da kusurwar mai duhu.

“Ayya, wannan ai ba ta kwana ba da wa'adinta ya cika. Irin wannan saƙar yanzu ina ake samu? Wasu 'yan tsibirin Vava'u suka saya, tsohuwarsu ta rasu. Da ita aka binne ta.” Ta sauke tabarau. “Na yi mamaki da na ga namiji ya kawo. Na ce ikon Allah, matan gidan sun ƙare ne?”

“Ni na aiko shi,” na ce.

“Ke?”

“Ni.”

Na fito na tsaya a bakin titi. Wata baƙuwar tsohuwa tana kwance a kabari cikin saƙar uwata. Na jira in ji wani abu, fushi ko kuka, ba abin da ya zo. Na tuna ba mu da sabulun wanki, na shiga shago na saya.

Mama ta rasu wata safiya ina ba ta shayi. Cokali na farko ta haɗiye, na biyu ya gangaro ta gefen baki. Na goge mata, na ajiye kofin, na kira Peni na ce ya zo. Kafin rana ta yi tsaka gida ya cika da baƙaƙen kaya, kowa ya ɗaura tabarmar makoki a ƙugu. Maza suka kafa rumfa, suka haƙa ramin gasa nama a bayan gareji. Mata suka shigo ɗakin Mama, Goggo Lesieli a gaba, ƙanwar babanmu, wadda in ta yi magana a gidan nan ba mai ɗaga kai.

“Ku ɗaga katifar,” ta ce. “A fito da farar.”

Aka ɗaga. Barguna.

Ba wanda ya yi motsi. Tagar ɗakin a buɗe take, tana kallon gareji, ina hango bayan Peni yana tsugune yana jera duwatsu a wuta.

“Ina kayan matar nan?” Goggo ta ce. “Laine, da ke nake. Ina dukiyar uwarki?”

“Na kai jingina, Goggo.”

“Kin kai me?”

“Jingina. Wa'adi ya wuce, an sayar.”

“Duka? Har wadda za a naɗe ta?”

“Har ita.”

“Kika yi me da kuɗin?”

Ban shirya amsar ba. Ita ce kawai ke kusa da bakina.

“Caca.”

Wata ta ce wayyo, wata ta toshe baki. Goggo ta tafa hannu ta riƙe ƙugu.

“Ke? Ke da ake cewa kina can kina yi wa masu caca wa'azi a waya? Ashe a bakin injin kike karanta wa'azin! Uwarki tana kwance ba baki, kina zare shimfiɗa daga ƙarƙashinta. Kai, Allah wadai. Da ɗan'uwana yana raye da baƙin ciki ya kashe shi yau.”

Ta yi ta yi. Na durƙusa, kaina a ƙasa, kamar yadda ake yi in goggo tana faɗa. Maganganun suna wucewa ta kaina, ni kuwa abu ɗaya nake lissafi: ya ji. Taga a buɗe, muryar Goggo har titi. Ya ji na ce caca, ya san ba na caca, zai haɗa ɗaya da ɗaya ya gane wace ce Seini. Na ɗago ido kaɗan. Bai juyo ba. Ya ɗauki wani dutse ya ajiye a wuta.

A cikin kie ɗin aurena aka naɗe Mama. Ba ta kai rabin waccan kyau ba, kowa ya gani, kuma kowa ya san dalili kafin a kai maƙabarta. Matan coci suka riƙa janye jakunkunansu in na zauna kusa. Ban damu ba. Na yi ta raba shayi da burodi ga masu zaman makoki. Peni yana wurin wuta daga farko har ƙarshe, yana gasa aladu, idanunsa jajaye, aka ce hayaƙi ne. Ko “Ka ci abinci?” ba mu yi ba.

Da na koma aiki na tarar an kawo sabon mutum, Lisiate, ɗan Tonga, dattijo mai sanƙo da sanyin murya. An ba shi teburin da ke kusa da nawa. Leilua ta rungume ni, ta raɗa min cewa labarin cacata ya riga ni zuwa, har mai gidan burodi ya ji.

“Na ce masa ke ko katin waya ba ki iya kankarewa ba,” ta ce. “Na gaya wa shugabar ofis abin da ya kamata ta sani. Ta ce in mutumin ya sake kira, na Lisiate ne.”

“Ba zai kira ba.”

Talata ta zo. Na zauna da abin a kunne tun kafin lokaci. Wata mata ta kira kan ɗanta, wani ya kira ya yi shiru ya kashe, ba ƙarar motar ɗaga kaya a bayansa. Talata ta gaba ma haka. Da aka tashi aiki na bi ta bakin ruwan Mangere, na rage gudu ina duba motocin da ke tsaye. Ba tasa. Lahadi kuwa ba a ƙara haɗuwa ba, tunda mai haɗa mu ta tafi.

Sai wata Talata, ana yayyafi, wayar ta yi ƙara.

“Barka da rana. Seini ce.”

Ɗit-ɗit-ɗit. Gyaran murya.

“Sannu da aiki, baiwar Allah.”

“Yawwa, sannu. Yaya mutanen gida?”

“Lafiya lau.”

Na buɗe baki in ce tsofaffi fa, na rufe.

“Abokin nan nawa,” ya ce, “yana da 'yar'uwa. Ban taɓa gaya miki ba.”

“Ba ka taɓa ba.”

“Yayarsa ce. Ranar Talata ita ba ta zama da mahaifiyarsu, tana wurin aiki. Ya san wurin. Ya san ita kaɗai ce mai jin harshenmu a can.” Ya tsaya. “Ko ta canza murya, ai ya san yadda take karanta Littafi. Tun yana yaro yake ji.”

Ruwa yana gangarowa a gilashin taga.

“Ba zai iya gaya mata a gida ba. Ta ina zai fara? Ko ƙofar ɗakinta ba ya takawa. Amma dole ta sani, ita ce mace, kayan nata ne. Ya yi ta tunani, bai ga wani wuri ba sai nan. A nan ba yayarsa ba ce.” Fiton ya ƙara ƙarfi, yana jan numfashi da kyar. “Ya ɗauka za ta tsine masa ne. Abin da yake jira ke nan, kowace Talata. Sai ya ji ta ta taga tana ɗaukar laifinsa.”

“Ya koma ɗakin injinan?” na ce. Tambayar aiki ce, ita kaɗai ta rage min.

“Sau ɗaya. Ya zauna, amma kansa bai yi fayau ba. Muryar Goggo yake ta ji.” Bai ko lura ya ce Goggo ba. “Ya tashi ya fito.”

Na juya na dubi Lisiate, na ɗaga masa hannu. Ya ajiye kofinsa ya saƙala abin a kunne.

“Akwai wani dattijo a nan,” na ce. “Namiji ne, ɗan gida. Abokinka zai iya gaya masa abin da ba ya faɗuwa a gaban mace, zai iya zama da shi ido da ido, ya raka shi har mashayar a rubuta sunansa cikin waɗanda ba a bari su shiga. Ni ba zan iya wannan ba. Zan miƙa ka gare shi. Kada ka kashe.”

“Shi ke nan ba zan ƙara samun Seini ba?”

“Shi ke nan.”

Yatsana yana kan maɓallin, ina jiran ƙarar yankewar layi.

“To,” ya ce. “Ba zan kashe ba.” Sai muryarsa ta canza, ta koma ta gida, ta bakin gareji. “Laine.”

“Na'am.”

“Kin ci abinci?”

Amsar tana bakina, wadda na saba. Na duba teburina, ga gutsuren burodin da Leilua ta ajiye min tun safe, ya bushe.

“Ban ci ba, Peni,” na ce. “Tun ranar da Mama ta rasu ban ci abin kirki ba.”

Na danna maɓallin. Na ji Lisiate yana gaishe shi, yana tambayar mutanen gida, yana zancen ruwan sama. Na cire abin daga kunnena na ajiye. Sai a lokacin abin ya zo, daga can ƙasan ciki, na kifa kai a kan tebur ina kiran Mama da ƙarfi, a tsakiyar ofis, har Leilua ta tashi ta rufe ƙofa.